A Ƙofar Wa Jambutu Za Ta Yi Sallama?

 

A daminar da ta wuce, bayan wani ruwan Agusta da ya kwana yana zuba, mun wayi gari kwalbatin bakin layinmu ya rufta. Masu babur suka koma zagaye, mai kurar ruwa ya daina shigowa, jarka ta ƙara kuɗi. Da la'asar dattawa suka zauna a gindin darbejiya, aka shiga shawara. Wani ya ce a je wa jauro, wato mai unguwa. Wani ya ce jauro ba shi da siminti, a tafi meri, wato ofishin magajin gari. Wani tsohon malamin makaranta ya gyara zama ya ce, "Alhaji, wace merin? Ta gunduma ko ta birni?" Sai wurin ya yi tsit. Daga baya muka wakilta mutum uku. Ofishin farko aka karɓe su da mutunci, aka ce ba huruminsu ba ne. Ofishi na biyu aka ce su rubuto takarda. Kafin takardar ta gama yawonta, samarin layi sun yi karo-karo sun cike ramin da buhunan yashi da ɓaraguzai.

Tambayar malamin nan ce ta hana ni sakat, ita ce kuma sharhinmu na yau. Jambutu, wadda takardun hukuma ke rubutawa Djamboutou bisa ƙa'idar Faransanci, tana yammacin Garwa, cikin gundumar Garwa ta ɗaya. Duk mai jin Fillanci zai ji jam a bakin sunan, wato lafiya, kuma tana da takwara a Jimeta ta ƙasar Najeriya, abin da ke tuna mana cewa iyakar da ke tsakaninmu da Yola ta zo ne bayan zumunci ya daɗe da kafuwa. Dattawanmu sun san wurin nan yana gefen gari, gonaki da makiyaya sun fi gidaje yawa. Yau ga kasuwa, ga makarantar sakandare, ga asibiti, ga yankin masana'antu, ga tashar wutar lantarki mai aiki da mai da ake tayarwa don agaza wa madatsar Lagdo idan ruwanta ya ja baya. Unguwa ta girma ta fi wasu garuruwan da ke da nasu magajin gari, amma mazauninta bai san ƙofar da zai yi wa sallama ba idan kwalbati ya rufta.

Mu fara da ƙasar da muke takawa, don ita ce ke rubuta wa hukuma aikinta. Garwa na kwance a kwarin Binuwai, a gaɓar arewa. Kogin ya taso daga tsaunukan Adamawa, ya karɓi Mayo Kebbi a gabashin gari, ya karɓi Faro a kusa da iyaka, ya wuce Yola da Makurɗi har ya haɗu da Kwara a Lakwaja, tafiyar kilomita kusan 1,400. Daga arewa dutsen Tingilin na kallonmu. Ruwan sama da muke samu a shekara ya kai milimita 1,000 ko kusa da haka, sai dai ba ya zuwa da sannu. Wata shida babu ɗigo, a Maris da Afrilu zafi ya haura digiri 40, sannan a Agusta da Satumba sama ta buɗe baki ɗaya. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe kanta. Duk ruwan da ya sauka a tudu sai ya nemi Binuwai, kuma hanyarsa ta cikin layukanmu take. Inda aka gina gida a kan tsohuwar hanyar ruwa, ruwan bai manta ba. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012, lokacin da aka saki ruwan Lagdo kogi ya tumbatsa, ba sa buƙatar a yi musu bayani. Madatsar da aka kammala a 1982 da taimakon ƙasar Sin ta ba mu wuta da kifi da noman rani, ta kuma sauya halin kogin da jiragen ruwa ke hawowa da damina su sauke gishiri da siminti su kwashi auduga da gyaɗa.

To wanda ya san wane layi ne ruwa ke bi, wace rijiya ce ke ƙafewa a Afrilu, wane gida ne aka gina a bakin mayo, wato rafi, ai mazaunin wurin ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowace irin hukuma aka kafa a bisa ƙasar nan, ana auna ta ne da yadda take jin maganar mai ɗakin.

Kafin zuwan Fulani, Fali da Bata ne a wannan kwari. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajajen 1809, aka kafa lamidoji a faɗin Fombina, wato ƙasar Adamawa, Garwa kuma ta kafu a hannun Modibbo Haman Njundi a farkon rabin ƙarni na 19, tana bin Yola. Tsarin da suka shimfiɗa na da matakai da kowa ya gane: jauro a kan ƙauye ko unguwa, lawan a samansa, lamido a fada. Mu Hausawa mun shigo da fatauci, da jima, da rini, da fawa, da allo, har sunayen sarautu da dama a fadar lamido, irin su Sarkin Fada da Sarkin Shanu da Galadima, daga ƙasar Hausa da Barno aka aro su. Sunayen unguwanni ma tarihi ne a buɗe: Fulɓere, Hausare, Kollere ta Barebari, ga kuma masu farawa da wuro, kamar Wuro Hurso da Wuro Kanadi, waɗanda sunansu ke shaida cewa ƙauyuka ne gari ya haɗiye. Ba na cewa wancan tsari babu zalunci a cikinsa. Akwai bauta, akwai hare-hare a kan mutanen duwatsu, kuma jikokinsu maƙwabtanmu ne a yau, suna da haƙƙin a faɗi haka. Abin da nake nunawa shi ne, talakan wancan zamani ya san ƙofa. Ya san inda zai cire takalmi ya kai kuka.

Sai Jamusawa. Na farkonsu da ya ga Binuwai a wannan yanki shi ne matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Ranar 18 ga Yuni 1851 ya tsaya a mahaɗar Binuwai da Faro, ya isa Yola, Lamido Lawal bai bar shi ya daɗe ba. A 1893 Ingila da Jamus suka ja layi a takarda, Yola ta faɗa hannun Ingilishi, Garwa ta faɗa rabon Jamus, ba a tambayi kowa a nan ba. Da Ingilishi suka ci Yola a Satumban 1901, Lamido Zubairu ya fito ya tara mayaƙa, a watan Nuwamba aka gwabza a Garwa da sojojin Hans Dominik. Dawakai da masu suka fuskanci bindiga mai ruwa, aka yi asarar rayuka masu yawa. A Janairun 1902 aka maimaita a Marwa. Jamusawa suka mai da Garwa mazaunin razdan, suka bar lamidoji a kan karaga suna karɓar musu haraji da 'yan dako da ma'aikatan tilas. Mulkinsu bai yi tsawo ba. A ƙarshen Agustan 1914 Ingilishi suka kawo hari aka kore su, a shekara ta gaba suka dawo tare da Faransawa da manyan bindigogi, har da wadda aka ciro daga jirgin ruwan yaƙi aka hawo da ita ta kogi. Ranar 10 ga Yuni 1915 kwamandan Jamus, von Crailsheim, ya miƙa wuya. Dutsen Mora ne ya riƙe har Fabrairun 1916.

A nan nake so mu ɗan dakata, domin akwai abin da ke ci mini rai a wannan tarihi. Mutanen da suka zo suka mulke mu da razdan da bulala, a ƙasarsu suna da wani tsari na daban da ba su kawo mana ba. Tun 1808, kusan lokacin da Modibbo Adama ke karɓar tuta, wani minista mai suna vom Stein ya fitar da doka a Furushiya da ta ba mazauna birane damar zaɓen wakilan da za su riƙe musu kuɗi da ayyukan garinsu. Tsarin ya bazu, ya kai ƙauyuka, kuma kundin tsarin mulkin Jamus na 1949, a sashe na 28, ya tabbatar wa kowace ƙaramar hukuma, wadda suke kira Gemeinde, ikon tafiyar da al'amuran mazaunanta da kanta. Yau suna da irinsu sama da 10,000. Akwai manya kamar birnin Munich, akwai kuma irin Dierfeld da tsibirin Gröde, waɗanda mazaunansu ba su kai 20 ba. Ƙauye mai mutum ɗari huɗu ko biyar yana da majalisarsa da magajin garinsa, wanda sau da yawa manomi ne ko malamin makaranta da ke aikin bayan ya taso daga sana'arsa, ana ba shi ɗan alawus. Ayyukan da suka fi ƙarfin ƙauye ɗaya, kamar ofishin rajista da kula da ruwan sha, sai ƙauyuka maƙwabta su haɗu su riƙe ofishi guda, kowa yana nan da sunansa da majalisarsa.

Ƙashin bayan abin kuɗi ne. A can Jamus, harajin filaye da gidaje na ƙaramar hukuma ne, haka ma harajin sana'a da kamfanonin da ke zaune a ƙasarta ke biya, kuma majalisar garin ce ke yanke yawan kason da za a ɗora. Idan masana'anta ta zauna a ƙauye, hayaƙinta da manyan motocinta na ƙauyen ne, wani kaso na harajinta ma na ƙauyen ne kai tsaye. Su ma suna da nasu ciwon kai. A tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da na 1970 Jamus ta Yamma ta haɗe ƙananan hukumominta daga kimanin 24,000 zuwa kimanin 8,500, ƙauyuka da yawa suka yi kukan an raba su da sunansu, kuma har yau akwai garuruwan da bashi ya yi wa katutu. Amma Bajamushen ƙauye idan kwalbatinsa ya rufta ya san mutumin da zai tare a bakin shago ya tambaya, ya kuma san cewa mutumin na da asusun da zai taɓa.

Mu dawo gida. Faransawa sun fara kafa hukumomin gari a Duwala da Yawunde a 1941, arewa ta biyo baya a makare. Bayan samun 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, ɗan garin nan Ahmadu Ahijo ya riƙe ƙasa har 1982, Garwa ta samu filin jirgin sama da tituna da gine-gine, ita ce kuma babban birnin arewa baki ɗaya har 1983, lokacin da aka raba lardin gida uku, Marwa da Ngawundare suka samu nasu. Duk abin da muka samu a wancan zamani daga sama ya sauko, kuma ina ganin a nan muka koyi ɗabi'ar ɗaga kai mu jira. Kundin tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 ya yi alkawarin sauko da iko ƙasa. Dokoki suka biyo baya a 2004. A 2007 aka raba Garwa gunduma uku, ta ɗaya da ta biyu a wannan gaɓa, ta uku a tsallaken gada wajen Bokle, a 2008 aka ɗora musu hukumar birni a sama. Shekaru da dama shugaban wannan hukuma wakilin gwamnati ne da ake naɗowa daga Yawunde. Dokar 24 ga Disamba 2019 ce ta sauya haka, bayan zaɓen 9 ga Fabrairu 2020 kansiloli suka zaɓi magajin birni da kansu. Wannan ci gaba ne, ban raina shi ba.

Ga dai yadda matakan suke a kan mutumin Jambutu a yau. Akwai jauro da lawan da Lamido, waɗanda dokar 1977 ta kasa sarautunsu daraja uku ta mai da su mataimakan hukuma. Akwai merin Garwa ta ɗaya da kansilolinta. Akwai merin birni. Akwai su-firefe, jami'in gwamnati a gunduma, da firefen Binuwai mai kula da ƙananan hukumomi 12, daga Pitoa da Lagdo har Gashiga da Turuwa, akwai gwamna. Tun Disamban 2020 ga majalisar yanki ta ƙaru. Manyan tituna da fitilunsu da manyan kasuwanni da kwashe shara sun fi karkata ga birni, ayyukan cikin unguwa kamar ajin firamare da ƙaramin asibiti da rijiyar burtsatse da takardar haihuwa suna wajen gunduma. To kwalbatin da ya haɗa layin unguwa da babban titi fa? A irin wannan tsakani ne takardarmu ta yi ta yawo.

Ko an gane ƙofar, sai a tarar da tukunyar ba ta da yawa. Abin da meri ke tarawa da hannunta, kuɗin rumfa ne da tikitin kasuwa da harajin ƙananan 'yan kasuwa da na takardun gini. Sauran yana zuwa ne daga sama, ta baitulmali da asusun Feicom da aka kafa a 1974, kuma yakan iso a makare. Manyan kamfanoni suna biyan harajinsu ne a ofishin manyan masu biyan haraji na ƙasa, sannan rabon ƙananan hukumomi ya zagayo ya dawo. Ku tsaya a bakin titi lokacin kakar auduga ku ƙirga manyan motocin da ke wucewa. Kamfanin auduga na Sodecoton, wanda hedikwatarsa ke nan Garwa tun 1974, shi ne gatan dubban manoma, kuma 'ya'yanmu da yawa a masana'antu suke cin abinci, muna godiya. Sai dai unguwar da ke ɗauke da nauyin motoci da ƙura da ƙugin injuna ta cancanci ta ga rabonta a rubuce, da adadi, ta san nawa ya shigo da sunanta da abin da aka yi da shi. Dokar 2019 ta ce kason da gwamnati za ta ware wa ƙananan hukumomi da yankuna kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta. Magadan gari a faɗin Kamaru, masu riƙe da ƙananan hukumomi 360 da manyan birane 14, sun daɗe suna kiran a cika wannan alkawari. Kasafin da kansiloli suka amince da shi kuma sai firefe ya sa hannu kafin ya fara aiki. Wa'adin kansila shekara 5 ne, amma waɗanda aka zaɓa a 2013 sai 2020 aka sake zuwa akwati. Idan zaɓe ya yi nisa, kunnen wakili yakan yi nauyi.

Yanzu bari in juyo kanmu, don ba zan zo gidan rediyo in zargi na sama kaɗai in koma gida ba. Dokar nan ta 2019 ta ba mu abubuwan da yawancinmu ba mu taɓa amfani da su ba. Zaman majalisar meri a buɗe yake, kowane ɗan gari na iya shiga ya zauna ya saurara, kuma ana yin zaman ne duk bayan wata uku. Mazaunin gari ko mai biyan haraji na da ikon neman kwafin kasafin kuɗi da bayanan zama, ya biya kuɗin buga takarda kawai. Dokar ta kuma yarda a kafa kwamitocin unguwa da na ƙauye da za su riƙa kai wa majalisa buƙatu. Da na tambayi dattawan gindin darbejiya wa ya taɓa halartar zaman kasafi, babu ko ɗaya, ni ma da nake magana ban je ba sai bayan ruftawar kwalbatin. Na tarar da kujerun jama'a kusan babu kowa. An karanta lissafi da Faransanci, aka ɗaga hannu, aka tashi.

Maganar harshe ba ƙarama ba ce. Kasuwar Jambutu da Fillanci take ci, ga Hausa, ga harsunan 'yan'uwanmu Tupuri da Mundang da Gidar da Masa da suka sauko daga arewa neman ƙasar noma da aiki. Uwar da ke sayar da ƙosai tana biyan tikiti kullum, kuɗinta na cikin lissafin da ake karantawa, amma ba ta jin abin da ake faɗa. Me zai hana a taƙaita kasafin shekara da Fillanci da Hausa a karanta a wannan tasha, a kuma manna shi a ƙofar kasuwa? Rijiya nawa, aji nawa, a wace unguwa, a kan sefa nawa, wa aka ba kwangila. Wannan ba ya buƙatar izinin Yawunde, magajin gari na iya yin sa a wannan shekara.

Ga iyayenmu sarakuna kuma, Allah ya ja zamaninku, ina roƙo da ladabi. Har gobe talaka ƙofarku yake fara zuwa, don ku ne ba ku da ranar hutu, ba ku da sakatare mai cewa a dawo gobe. Jauro shi ya san filin da ruwa ke kwanciya. Idan ya ƙi sa hannu a cinikin fili a bakin mayo, ya ceci iyali guda daga ambaliya tun kafin a aza tubali. Idan ya riƙe littafin jariran da aka raɗa wa suna a unguwarsa ya riƙa turawa meri a kan lokaci, ya ceci yara daga abin da muke gani duk shekara, yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare a ce ba zai zauna jarrabawa ba don ba shi da takardar haihuwa, uba ya shiga zirga-zirgar kotu da kashe kuɗin da da farko bai kamata a kashe ba. Liman da ke raɗa suna, da fasto, da ungozoma, duk suna da hannu a wannan aiki.

Mu a layinmu mun yanke shawara. Mun zauna da jauro, mun rubuta sunayen mutum bakwai, cikinsu har da mata biyu da saurayi ɗaya daga cikin masu babur, mun kai wa meri muna neman a amince da su a matsayin kwamitin unguwa. Mun zagaya da ƙafa mun ƙirga kwalbatoci da wuraren da ruwa ke yanke hanya, malamin makarantar nan ya zana su a takarda, kowanne da sunan gidan da ke kusa da shi. Zuwa da kai ya fi saƙo, saboda haka idan zaman kasafi ya zo a ƙarshen shekara, mu bakwai ɗin za mu je da takardarmu mu zauna a kujerun jama'a, mu ji ko an ambaci layinmu. Buhunan yashin da samari suka zuba suna nan, sun fara yagewa, kuma ruwan farko na Mayu ba zai jira mu ba.